Malam Maidawa, Wanda Ya Bi Ƙwayarsa Har Ruga

Kafin hantsi ya dubi ƙauyenmu, Malam Maidawa ya riga ya share ɗakin shan magani da kansa, ya jingine kekensa a gindin tsamiya, ya kunna 'yar fitilarsa a kan tebur. Shekara talatin ke nan haka yake yi, tun zamanin Turawa, a wannan lungu na ƙasar Bagudo da ba kowane ma'aikaci ke yarda a turo shi ba. Masu gyambo da masu zazzaɓi kullum suna nan. Sai kuma mutum huɗu ko biyar da ke zuwa ran kasuwa, kowa da kwalbar fitsarinsa a ɓoye cikin riga, suna kauce wa idon juna. Su ne masu ciwon sukari. Yakan ɗiga fitsarin a wani ruwa shuɗi ya ɗora a wuta, in ya rine ya koma ja, sai ka ji ya ce, "To, wa ya sha zuma?" Ba a taɓa rasa mai sunkuyar da kai ba.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. In aka yabe shi ido da ido sai ya hau goge tabarau, don haka bari in ba da labari ɗaya a bayan idonsa. Fadimatu matar wani majinyacinsa, Manu, ce ta ba ni, kuma a gabanta aka yi.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai ƙwayar ciwon sukari ta iso mana. Kafin nan sai allura, allurar kuwa sai babban asibiti, mutumin ƙauye sai dai ya yi ta bushewa ana kallo. Manu Bafulatani ne makiyayi, ya ba arba'in baya, ya rame har zobe na zamewa daga yatsansa. Likita ya rubuta masa ƙwayar, Malam Maidawa ke karɓowa yana ba shi. Ya ja masa kunne: ɗaya kowace safiya, kada ya tsallake ko rana guda, kuma ya ci abinci. Manu mutum ne mai riƙe magana. Cikin wata huɗu ya murmure ya koma bin shanunsa.

Wata ran kasuwa sai ba a ga Manu ba. Malam Maidawa ya leƙa wurin masu nono ya tambaya.

"Ai ya tahi gidan surukai tun shekaranjiya," in ji wata. "Ƙanen matatai aka yi ma aure."

Da wani ne, da ya ce Allah ya dawo da shi lafiya, ya koma kan aikinsa. Shi kuwa nan take ya hango haɗari. Ya zauna da Fulani, ya san Bafulatani ba ya cin abinci a gaban surukinsa ko yunwa za ta kashe shi, kuma ruga ran biki ba ta da lungun ɓuya. Ya kuma san Manu zai haɗiye ƙwayarsa kowace safiya, tunda shi ya ce kada ya tsallake. Ita kuwa ƙwayar ba ruwanta da kunya: ko an ci ko ba a ci ba sai ta sauke sukarin jini, in ta tarar da ciki wayam tana iya kai mutum kabari.

Ya rufe ɗakin, ya sayi sukari mai ƙwaya wurin mai tebur, ya hau keke. Rugar tana dab da iyakar ƙasar Dahome, tafiyar awa uku, rabinta rairayi.

Da la'asar ya isa. Ya tarar da Manu kwance a inuwa, gumi sharkaf, jiki na karkarwa, yana sambatu. An kewaye shi ana turara masa hayaƙi, ana cewa iska ce ta shafe shi a hanya. Malam Maidawa ya nemi ƙwarya da ruwa, ya dama sukarin, ya ɗago kansa.

"Malam, tsaya!" in ji Fadimatu. "Ba kai ka hana mai sukari ba?"

"Ni na hana, yau kuma ni zan ba shi. Riƙe mai kai."

Kaɗan-kaɗan Manu yake haɗiya. Ba a jima ba idanunsa suka daidaita, ya gane inda yake, ya yi wuf ya gyara zama. Amma aiki bai ƙare ba, domin ƙarfin ƙwayar yana daɗewa a jiki, in bai ci abinci na gaske ba zai sake faɗuwa. Aka kawo fura da nono. Manu ya dubi ƙwaryar, ya dubi inda tsoho Sambo surukinsa yake zaune, ya kau da kai.

"Na ƙoshi, Malam."

Na san ma'aikatan da za su daka masa tsawa a gaban jama'a, su kira al'adarsa jahilci. Malam Maidawa ba haka ya yi ba. Ya je ya durƙusa gaban tsohon, ya sassauta murya.

"Baba, kunyarka ta hana shi ci, kuma ita za ta kashe shi. Ba ka son ka je ka duba shanu?"

Sambo ya dube shi. Sai ya ɗauki sandarsa, ya miƙe, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ni za ni duba shanu. Maza duka ku taho ku raka ni." Matar gidan ma ta tuna tana da aiki a bayan bukka. Manu ya shanye ƙwaryar nan tas, hawaye na zuba ciki.

Kai ne, Malam, da ka koma gida ba ka ɗora laifin a kan Manu ba, ka ce kai ne ba ka yi tambayar da ta kamata ba. Tun daga ranar ba ka miƙa wa kowa ƙwayar sai ka tambaye shi, "Ina za ka ci abinci makon nan, kuma gaban wa?" Mun sha yi maka dariya a kan tambayar nan, ka yafe mana. Maidawa mai keke, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma matasan da za a turo mana, ku san mutum kafin ku ba shi magani, ku san inda zai kai shi.

Shekara shida ke nan Manu yana shan ƙwayarsa yana kiwo, kuma har yau bai taɓa cin loma a gaban surukinsa ba. Sambo ya tsufa tukuf, idanunsa sun tafi. Amma duk safiyar da Manu ya kwana a rugarsa, sai tsohon ya ce a kama masa hannu, zai je duba shanu.