Takardar Gindin Langa

Ban so ƙauyen nan ba tun ranar da aka sauke ni a cikinsa, kuma ban ɓoye wa kowa ba. A zamanin gwamnatin juyin juya hali, in ka gama sakandare ba ka da ta cewa, sai a miƙa maka alli a tura ka daji ka koyar da yara, wai hidimar ƙasa. Ni da na tashi a Ladjifarani, cikin Parakou, inda ko gishiri ya ƙare mana sai in leƙa maƙwabta, aka jefa ni wani ƙauye can bayan Onklou, a ƙasar Djougou, wanda kogi ya raba da hanyar mota. Da rani kogin ba wani abu ba ne, yashi ne da 'yan kududdufai, ka tattare zane ka wuce. Da damina kuwa ko saniya ba ta yarda ta shiga.

To a tsakiyar damina aka ce a kai takardun jarabawa. An sauya mana shekarar karatu a lokacin, rajistar 'yan ajin ƙarshe ta faɗo daidai lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Yara goma sha ɗaya gare ni, kowa da dosiyensa: takardar haihuwa ta kotu, hotuna biyu, da takardar neman shiga. Juma'a da azahar ake rufe karɓa a Djougou. Wanda tasa ba ta shiga ba, sai baɗi. Direktan lakwal ɗinmu, wato shugaban makarantar, na kwance da kurkunu a ƙafa, ko masallaci ba ya zuwa. Saura wa? Ni.

Na riga na gaji kafin a zo nan. Da safe aji, da yamma gonar audugar makaranta, ranar Asabar taro a ƙarƙashin mangwaro muna ɗaga hannu muna kiran juna kamarad, wato abokin gwagwarmaya, muna cewa a shirye muke. Ni dai ban shirya komai ba, barci kawai nake so.

Mutum ɗaya ke ƙetare kogin nan da damina, wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Ita kaɗai nake hira da ita da Hausa a garin. Mijinta ɗan Nijar ne, mai facin taya a tashar Djougou, da ya rasu ya bar mata robar cikin tayar babbar mota guda biyu da famfon keke. Sai ta sace musu iska, ta naɗe su cikin buhu, ta ɗora a ka. In ta isa bakin ruwa ta hura, ta ɗaura ƙirare a kai, ta haye da man kaɗanyarta zuwa kasuwar Onklou. A can ta sake sace iskar ta naɗe jirginta ta wuce. Jikarta na cikin ajina, kuma ita ce ta fi kowa, ba na ma tsayawa gardama a kan wannan. Takardar haihuwar yarinyar sai da Inna ta je Djougou sau uku da rani, tana jan tsofaffi biyu su yi mata shaida, kafin ta samu. Ranar da na ce a kawo takardu, ban rufe baki ba ta aiko da ita. Saboda haka da na zo shirya dosiye cikin babbar langar Inna, ta jikarta na fara sawa, ta kwanta a gindi, sauran goma suka hau kanta.

Inna ce ta rufe langar da hannunta. Ta yanko zaren roba ta zagaye murfin ya fi sau goma, ta ja har yatsunta suka yi fari.

Alhamis da sassafe muka fita, ranar kasuwar Onklou, ranar da ake da tabbacin mota zuwa Djougou. Motar kuwa ɗaya ce, in ta cika ta tashi. Tafiyar awa biyu muka yi cikin ciyawa da ta fi ni tsawo, raɓa ta jiƙa ni har wuya, takalmina ɗaya ya tsinke. Da muka iso mashigi na ga ruwan ja wur kamar kunun kanwa, yana tafe da rassa da kumfa. Ga ɗaya gefen can, fili mai yashi inda ake fita, har ina hango sawun hanya. Na sauke langa na ce alhamdu lillahi.

Inna ba ta sauke buhunta ba. Ta nuna sama da haɓa.

"Ba nan ake shiga ba, Malama. Sai mun hau zuwa maɗacin can."

"Wane maɗaci?"

"Ba a ganinsa daga nan. Kamar awa guda ne."

"Awa guda? Inna, ga hanya can ina kallonta!"

"Kina kallonta, ruwa ma yana kallonki. In kin shiga a nan, ba can zai kai ki ba. Daga maɗaci ake shiga, ya ɗauko mutum a hankali ya ajiye shi a yashin nan kamar an aike shi."

"Mota fa? Ta jira mu ne?"

"Ni dai ban san mota ba. Ruwa na sani."

Na ce mata faɗin nan ko jifa na yi dutse zai haye. Ta ce to in ɗaura takardun a dutsen. Na ce ƙafata ta kumbura, ba zan ƙara taku ɗaya a ciyawar nan ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kamarad ta gaji. Ku da kuke cewa a shirye kuke kullum Asabar?"

Wannan ce ta ƙona min rai. Na fizge buhun daga kanta, na zazzage, na maƙala famfo a bakin robar na fara bugawa. Famfon keke ne, robar kuwa ta babbar mota, sai da na yi gumi sharkaf kafin ta ɗago. Inna na tsaye ta riƙe ƙugu tana kallona. Da ta ga da gaske nake sai ta ce, "Ke, kin iya iyo kuwa?"

"A ina zan koya? A famfon unguwa?"

"Innalillahi. Uwarki ta sha wahala."

Ta karɓi famfon ta hura tata. Ba ta ƙara ce min komai a kan maɗaci ba. Ta sari ƙirare ta gicciya a kan kowace roba ta ɗaure, ta ɗora min langa a ka ta zagayo da ɗankwali ta ƙulle a haɓata, ta ba ni sakaina biyu, ɗaya a kowane hannu, in riƙa jan ruwa da su. Ta ce in tsuguna a tsakiya, kada in kalli ruwa, in kalli gaɓa.

Taku goma na farko har na fara jin daɗin kaina. Daga nan ruwan ya kama robar ya juya ta. Na ga yashin da nake nufi ya zo daidai da ni, ya wuce, ya koma bayana. Ina ja da sakaina kamar mai dama fura, ba abin da ya sauya. Inna na bayana tana ihu, "Hagu! Hagunki, 'yar nema!" Ni kuwa robar na ta juyi, ban san ina ne hagu ba. Gaɓar ta zama bango mai tsawo, duk sarƙaƙiya da saiwoyi, babu inda mutum zai dafa. Muka sha kwana ɗaya, muka sha ta biyu. A ta uku akwai wata bishiya da ta faɗi cikin ruwa, rassanta a miƙe. Na gan ta tun daga nesa, na kuma san can zan je.

Robar ta bugi reshe ta tashi tsaye. Na tafi ƙasa da ka. Ban daɗe a ciki ba, na sha ruwa sau biyu ko uku, sai na ji an damƙi ɗaurin zanena ta baya an ja. Inna ce, hannu ɗaya a reshe, ɗaya a jikina, tana zagina ba ta ko numfashi. Da reshen muka bi muka rarrafa har gaɓa. Langa na nan a kaina, ta karkace ta rufe min ido ɗaya. Man kaɗanyar Inna rabi ya tafi. Robata ta maƙale a rassan, Inna ta koma ta ciro abinta.

Muka zauna a kan wani falalen dutse, ƙaya ta yayyage mana hannu. Na yi amai. Inna ta kwance zaren robar murfin a hankali, zagaye bayan zagaye. Ɗaurinta ya yi aiki, ruwan da ya shiga bai fi cokali uku ba. Na ɗaga dosiye na farko, a bushe. Na biyu, a bushe. Har na goma, gefensa kawai ya yi sanyi. Ruwan duk ya gangara ya taru a gindi.

Da alƙalamin tawada aka cike takardar haihuwar jikar Inna a kotu. Sunan yarinyar na nan ana iya karantawa. Daga shekarar haihuwa zuwa hatimi da sa hannun alƙali kuwa, duk sun narke sun zama shuɗin tabo ɗaya.

Inna ba ta karatun boko. Na buɗe baki zan ce ta wani yaro ce, ko in ce ba komai za ta bushe. Sai ta miƙo yatsa ta taɓa kusurwar takardar, inda akwai tabon mai, shatin babban yatsanta tun ranar da ta karɓo ta.

"Tamu ce," in ji ta.

"Taku ce."

Ta shimfiɗa ta a kan dutsen, ta danne kusurwoyin da tsakuwa huɗu, ta zauna tana kore mata ƙuda. Na so ta zage ni kamar yadda ta yi cikin ruwa. Ba ta yi ba. Da takardar ta bushe ta ce, "Ki kai musu haka nan. Ke kin iya bakinsu."

Kafin mu fasa daji mu fito hanya, la'asar ta yi. Motar kasuwa ta daɗe da tafiya. Awa gudan da na ƙi bayarwa, shida na biya. Wata babbar mota mai ɗaukar doya ta tsaya min, direban Bahaushe ne ɗan Nijeriya, ya dubi ƙafata ɗaya ba takalmi ya ce, "Hajiya, daga yaƙi?" Na hau na zauna. Inna ta tsaya Onklou wurin wata ƙawarta, ta ce za ta jira ni.

Juma'a da hantsi ina gaban teburin mai karɓar dosiye. Wani mutum ne siriri mai furfura, da ganinsa shi ma ya gaji. Ya duba goma ɗaya bayan ɗaya ya buga musu hatimi. Ya ɗaga ta sha ɗaya ya kai ta wajen taga.

"Kamarad, suna na gani. Shekara fa?"

"Sha biyu. Ni ce malamarta."

"Na yarda da ke. Hatimi fa? Sa hannu fa?"

"Ga su nan, ruwa ne ya taɓa su. Kogi na faɗa da su, ka ga hannuna."

Ya kalli hannun nawa, ya ce sannu. Ya ce ko ya karɓa, daga sama za a dawo da ita, kuma a lokacin an riga an rufe. In je kotu a ba ni wata. Na je da ƙafa ɗaya a takalmin aro. Aka ce sai an nemo babban littafi, sai wanda ya yi shaida ya zo da kansa, in dawo bayan sati biyu. Na koma wurin mai furfura na ɗaga murya, da Faransanci, da Hausa, har da ɗan yaren Dendin da na tsinta. Na ce yarinyar nan ta fi duk goman da ya buga wa hatimi. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Wa ya jiƙa takardar, kamarad?" Aka kira salla, ya rufe taga.

Asabar na sami Inna a bakin kasuwar Onklou, buhunta a gefe. Ta kalli fuskata, ba ta tambaya ba. Na ce goma sun shiga. Ta ce to, Allah ya ba su sa'a. Ta miƙe ta ɗora buhu.

Daga wannan gefen ma sai an hau sama kafin a shiga, wurin wata tsamiya. Muka wuce yashin mashigi, muka bi gaɓa cikin ciyawa, ita a gaba ni a baya. Ya fi awa guda. A gindin tsamiyar ta miƙo min famfo, na hura duka biyun. Muka shiga, ruwan ya ɗauke mu a hankali, ko sakaina ban cika sawa ba, ya ajiye mu daidai inda muka yi gardama shekaranjiya. Sawun ƙafafunmu ma na nan a laka.

Tana sace iskar robar, ta durƙusa a kai da gwiwa, sai ta ce, "Ke za ki faɗa mata."

"Inna, ke ce kakarta."

"Ni ban san abin da aka rubuta ba balle abin da ya goge. Ke kika sani."

Na sami yarinyar a tsakar gida tana tsince ƙwarar kaɗanya. Ta miƙe ta gaishe ni da Faransanci kamar a aji. Ban iya kewaye-kewaye ba, ko da na so. Na ce takardarta ta lalace a hannuna, laifina ne, bana ba za ta zauna jarabawa ba, sai baɗi. Ta murza ƙwara ɗaya a tafin hannu. Can ta ce, "Malama, to Litinin in zo?"

Na ce ta zo.

Ta zo. Har ƙarshen shekara tana bencin gaba, ina shirya goma ga jarabawa, ita tana gama lissafin kafin in gama rubuta shi a allo, ta kife allonta ta jira su. Da rani ya shigo muka taka yashin kogin da ƙafa, ni da Inna da tsoho ɗaya da ya rage cikin shaidunta, muka karɓo sabuwar takarda. Na sa ta cikin langar na ba Inna ta ɗaure. A satin aka sallame ni na koma Parakou, wani aka turo a madadina, ban san ko wane ne ba.