Kaskon Wuta a Cikin Karafan

A ƙarshen shekarar 2013 na sayi karafan, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, a hannun wani Bature da zai bar unguwar Maadi ta Alƙahira ya koma ƙasarsu. Ni dillalin motoci ne a unguwar Hayyin Ashir, kuma ba na sayar da abin da ban gwada ba. Mota sai na tuƙa ta. Karafan kuwa sai an kwana a ciki.

Abin da ya faru a wannan gwaji, shekara biyu na yi ina ɓoye wa wata tsohuwa rabinsa.

Mijinta ne direbana, Bahaushen Sudan, ya haura sittin. Kawu nake ce masa. Da na ce za mu kwana a Wadi Digla, kwarin duwatsun da ke bayan Maadi inda ake barin mutane su kafa tanti, sai ya tuntsire da dariya.

"Kai ɗan nan, kana biyan hayar gida za ka je ka kwana a akwati? Yalla, mu je mu ga haukan Turawa."

Muka je da la'asar. Muka kwance karafan daga mota, muka sauke ƙafafunsa na ƙarfe, muka tokare tayoyin da duwatsu. Kawu ya fito da kaskonsa da gawayi, don ba ya zuwa ko'ina ba shayi. Muka kwana lafiya cikin barguna.

Da asuba sanyi ya sauko irin wanda ban taɓa ji ba a Alƙahira. Ruwan alwala kamar ana yanka yatsu. Bayan mun idar mun sha shayi a waje, na ga haƙoran Kawu suna haɗuwa. Ya ce zai ɗan koma ya kishingiɗa. Garwashin yana nan jajir. Na ɗauki kaskon, na shiga da shi, na ajiye masa a kan faranti kusa da gado, kamar yadda mahaifiyata take yi mana a ƙauyenmu. Ɗakinmu na can na ƙasa ne da jinka, iska tana shiga ta sama, tana shiga ta ƙasan ƙofa. Wannan bai faɗo mini a rai ba.

"Khalas, shi ke nan, Allah ya yi maka albarka," in ji shi daga cikin bargo. "Je ka nemi sabis ɗin wayarka, na san cinikinka ba ya jin sanyi."

Na ja tagogi, na fito, na tura ƙofar. Tana da roba a gefenta, ta rufu ɗif. Har daɗi na ji. Na ce a raina ga abin da zan gaya wa mai saye: ko iska ba ta shiga.

Na hau tudu inda waya take kamawa, na yi wajen awa biyu ina magana da masu saye. Da na dawo rana ta ɗaga, wasu Misirawa suna wucewa a kan kekuna suna raha. Ina buɗe ƙofar, sai kaina ya juya. Kawu yana kwance a gefensa na dama, fuskarsa a sake. Na kira shi sau uku.

Likita ya ce iskar gawayi ce. Da yake kaskon nasa ne, kowa ya ɗauka shi ya shiga da shi. Ban gyara wa kowa ba. Muka yi jana'iza, matarsa ta shiga takaba, ina kai mata cefane tana ce mini "ɗana".

Karafan na ajiye shi a wani gareji, ban sake tallarsa ba. Amma ƙarar rufuwar ƙofar nan ta biyo ni. Dillalin mota yana rufe ƙofa ashirin a yini, kowacce sai na ji ta a ƙirjina. A gida ko ana tsananin sanyi sai na bar taga a buɗe, matata ta yi mita har ta gaji.

A 2015 tsohuwar ta ce za ta koma Sudan wurin 'yarta. Ranar tafiyar na je in kai ta tasha, na same ta tana ɗaure wani buhu da igiya. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, akwai maganar da ban gaya miki ba. Ba Kawu ne ya shiga da wutar nan ba. Ni ne. Ni na rufe ƙofar."

Ba ta saki igiyar ba.

"Na sani. Mutumin da bayansa ba ya barinsa ya ɗaga buta cike, shi zai ɗauki kasko da wuta ya hau matakala? Jira nake ka faɗa, don akwai abin da ba mai gaya mini sai kai."

Na ce ina ji.

"Duk zamanmu a garin nan kukan sanyi yake. Ya ji ɗumi kuwa?"

Na ce lokacin da na kama hannunsa, da ɗuminsa.

Ta gyaɗa kai, ta ja ƙullin ta ƙara ja. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban iya roƙa ba.

"Ɗauki wancan babban buhun," ta ce. "Kar mota ta tafi ta bar ni."