Ranar da Aka Ɗora Ni a Keken Guragu

Har gobe ban manta da ranar da aka ɗora ni a keken guragu ba, alhali ƙafafuna biyu lafiya lau. Ku sababbin shiga aikin nan, ku ji yadda aka yi.

Cikin zafin shekarar 2006 ne, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi masu gigin tsufa, a wata ƙasar Larabawa, can bayan unguwar Satwa. Gidan bene ne. Shugaba shi ne mudir, wato manaja. Ƙasa da shi sistoci masu ba da magani, sai mu masu ɗagawa da wanka da sauya zanen gado. Ni daga Damagaram na zo. Abokin aikina Sani Bakano ne, bakinsa ba ya hutawa.

Duk shekara kamfanin inshora yakan aiko mutum ya ga gwajin gobara. Tsarin ba wuya. A kaɗa ƙararrawa, a kashe wutar lantarkin gidan, a fitar da kowa filin ajiye motoci, shi kuma yana riƙe da agogo. In an daɗe, babu inshora.

Mun gwada da kanmu kafin ya zo. Wata tsohuwa ta ce ba inda za ta sai an nemo mata jakar da ta ɓata tun ba a haife ni ba. Wani ya shige banɗaki ya zauna. Baba Salim kuwa, tsohon matuƙin jirgin ruwa, ya dinga ihun wuta. Ɗansa ya taɓa gaya mana cewa jirginsu ya ƙone a teku yana saurayi. Sunan ɗan nasa ya ɓace masa, amma wutar nan ba ta ɓace ba.

Sai mudir ya tara mu ya ce ya samo mafita. Tsofaffin nan suna ɓata gwaji, don haka ranar za a kai su ɗakin talabijin na sama, a ba su biskit, a kulle. Mu da masu girki da direba za mu sa farar jallabiya, mu rufa da bargo, mu zama tsofaffi. Mai dubawar sabo ne, bai san fuskar kowa ba.

Ya ce da ni, "Iliyasu, ka karkata wuya, ka saki baki, ka yi kamar ba ka san inda kake ba."

Sani ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba sai an koya masa ba. Haka suke a garinsu."

Na ce, "Kai dai tura keken, mai tallan bakin Kwari."

Ranar ta zo. Muka hau da tsofaffin sama, mudir ya murɗa makulli ya jefa a aljihu. Sistar da aka ce ta zauna da su, shi da kansa ya sauko da ita, wai mai dubawa zai so ya ga sistoci da yawa. Ba wanda ya hana shi. Ni ma ban hana ba. Bizata a hannunsu take.

Aka kaɗa ƙararrawa, aka kashe wuta. Ba ku taɓa ganin tsofaffi masu biyayya irin namu ba. Babu mai neman jaka, babu mai jin fitsari. Sani ya kwaso ni a guje har muna tsallake bakin ƙofa. Direba ya fito yana dogara sanda, ya manta wace ƙafa ce ke ciwo. Mai dubawa ya danna agogonsa ya ce bai taɓa ganin gida mai tsari kamar wannan ba. Mudir ya dafa ƙirji yana cewa horo ne kawai.

Abin da horon bai tuna ba shi ne, ƙararrawa tana kuka a sama kamar yadda take kuka a ƙasa. Kuma in an kashe wuta, talabijin da na'urar sanyaya ɗaki duk mutuwa suke yi.

Na fara jin bugu. Sai gilashin taga ya tarwatse, ya zubo kan motar mudir. Wani hannu ya leƙo, jini na bin sa. Aka kwarma ihu, muryar Baba Salim ce.

Na yar da bargo na miƙe.

Sani ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allahu akbar! Ya warke!"

Na je gaban mudir na ce, "Makulli."

Ya yi murmushi yana satar kallon baƙo. "Zauna, Baba, zauna. Shwayya shwayya, a hankali."

"Ni ba babanka ba ne. Makulli."

Bai ba ni ba. Na hau bene, na ciro jar tukunyar kashe wuta daga bango, na dinga dukan ƙofar har ta ɓalle. Tun da aka rataye tukunyar nan, ranar ta fara yin amfani.

Ɗakin kamar tanda. Baba Salim ya tara matan duka a jikin tagar da ya fasa don su sami iska, ya tsaya a gabansu. Na kama shi zan fitar, ya fizge, ya daka mini tsawa kamar yaron jirginsa.

"Ka makara! Mata tukuna. Yalla, maza!"

Haka aka yi. Guragun ƙarya duk suka miƙe suka hau, muka sauko da na gaske ɗaya bayan ɗaya. Mai jaka ta nemi jakarta, Sani ya miƙa mata bargona ya ce ga ta nan. Baba Salim ne ya fito ƙarshe. Mun daɗe ƙwarai. Mai dubawa ya sa agogonsa a aljihu, ya riƙe wa wata tsohuwa hannu a matakala.

An yi wa Baba Salim ɗinki. Washegari ya dubi bandejin ya tambaye ni wa ya yi masa haka. Na ce aiki ya yi a jirgi. Ya gyaɗa kai, ya ci abincinsa.

Mudir ya gaya wa mai gidan cewa don jin daɗin tsofaffi ya yi, kada a wahalar da su cikin rana. Aka mayar da shi kula da wani otal na mai gidan. Ni kuwa aka ce na lalata kayan gida, aka tura ni ɗakin wanki na wata da watanni. Ƙofar da aka sa ta fi ta dā ƙarfi. Makullinta dai yanzu a ƙusa yake rataye, inda kowa zai kai hannu.

Abin da na koya kaɗan ne. In ƙararrawa ta yi kuka, kada ku tsaya kallon waɗanda suka fito, ku tambayi wa ba ya nan, kuma a aljihun wa makulli yake. Kada kuma ku cika yi wa masu mantuwa dariya. Ranar nan mu masu hankali duk muna filin ajiye motoci ana tafa mana. Wanda ya tuna cewa akwai mutane a ɗakin nan, shi ne wanda bai san sunan ɗansa ba.