Baƙin Dutse a Gaɓar Lit

Surukata ba ta kiran sunan maigidana. Ɗan farinta ne, kuma shi kaɗai Allah ya ba ta, amma kunyar ɗan fari da ta taso da ita daga ƙasar Katsina ko gezau ba ta yi ba, duk da shekarun da ta kwashe a Jidda. A gidanmu na unguwar Waziriyya yana zaune a gabanta yana shan shayi, sai ta juyo gare ni ta ce, "Ke, gaya wa wancan ƙofar ɗakina ta ƙi rufuwa." Ni haihuwar Jidda ce, kuma bakina ba ya shiru, don haka abin ya daɗe yana ba ni haushi. Ga mutum ga kunnensa, me zai sa a mai da ni 'yar aike? Shi kuwa ko a jikinsa. Da haka ya tashi, kuma kamar ni, Inna yake ce mata.

Labarin zuwanta kowa a unguwa ya san shi. Da ƙafa suka taho ita da mijinta, suna tsayawa a Sudan suna tsinkar auduga su sami guzuri, har suka kai bakin teku. Masu jirgin itace da suka ƙetarar da su ba su kawo su tashar Jidda ba, sai suka zubar da su a wata gaɓa da babu kowa, kudu, wajen garin Lit. Mijin ya sauka da zazzaɓi, ranar bai kai magariba ba. Abokan tafiya suka binne shi a kan wani tudu. Ita kuma, da cikin maigidana a jikinta, ta kwance ƙunshinta ta ciro ɗan dutsen niƙa, na sama wanda ake riƙewa da hannu, wanda mahaifiyarta ta ba ta ranar da za ta bar gida. Ta dasa shi a wajen kan kabarin, ta bi ayari zuwa Makka.

Shekarar da yanar ido ta fara rufe mata gani ne maigidana ya shigo da motar. Direba ne a tashar jiragen ruwa, kuma wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu ya sallama masa ita. Abu kamar akwatin burodi, injinta a baya, cikinta da gado mai naɗewa, da kabad, da risho, har da labule mai furanni. Maƙwabta suka sa mata suna ɗaki-da-falo. Inna ta fito tana laluben bango, ta shafa jikin motar daga gaba har baya, sannan ta ce da ni, "Tambayi wancan, wannan abin yana zuwa Lit?"

Ya ce, "Inna, har Yaman ma za ta je."

Ta ce, "To ki gaya masa ina so ya ga inda ubansa yake kwance, tun ina da sauran idon da zan nuna masa."

Lokacin kwalta ba ta kai can ba. Idan ka bar gari kaɗan sai sawun manyan motoci a cikin yashi, teku a hannun dama, duwatsu can nesa a hagu. Muka kai yara gidan mahaifiyata, muka cika jarkoki da ruwa da fetur. Na ɗauki garin tuwo, da kuka, da daddawa, da dabino. Maigidana ya ce a ƙasar nan mata ba sa zuwa maƙabarta, malamai ba sa so. Inna ta ce da ni, "Ranar da aka binne shi ban ga malami ko ɗaya ba. Ku tashi mu tafi."

Hantsi bai gama yi ba motar ta fara nuna halinta. Wata jar fitila ta kama a gaban direba, ƙauri ya cika mana hanci. Ya tsaya, ya buɗe bayan, ya ɗago wani baƙin abu a tsinke kamar mataccen maciji. Bel ɗin da ke juya fankar inji ne. Na tambaye shi ina safaya. Ya sosa ƙeya, ya ce Baturen ya rantse masa sabo ne.

Na ce, "Malam, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Kai da ka ce har Yaman?"

"Halas, ya isa haka, ki bar ni in yi tunani."

Tunanin ya kai mu azahar. Inna ce ta kwance igiyar da ta ɗaure akwatinta da ita, igiyar auduga mai kauri, ta sake murza ta a cinyarta, ta miƙo mini ba tare da ta dube shi ba. Ya ɗaura ta a madadin bel ɗin. Muka riƙa tafiya kamar masu rakiyar amarya, a ɗan gusa a tsaya inji ya huce, igiya ta sake, a ƙara ɗaure ta. Da la'asar Allah ya haɗa mu da wata babbar mota mai dakon kifi, direbanta ya tona akwatin kayan aikinsa ya samo mana tsohon bel da ya kusa daidai.

Da yamma muka sauka a bakin ruwa. Ban taɓa kwana a wurin da babu bango ba, kuma gaskiya tsoro ya kama ni, sai dai na ƙi nunawa. Na kunna risho a bayan mota saboda iska, na tuƙa tuwo, muka ci da kifin da direban nan ya ba mu. Ƙananan ƙaguwa suka fito daga ramukansu suna zagaya tabarma, ina korarsu da muciya. Inna ta zauna ta miƙe ƙafa, fuskarta na fuskantar teku, tana shaƙar iska. Ta ce warin bai canja ba. Ni da Inna muka kwana a gadon ciki, shi ya shimfiɗa tabarma a gindin taya, sauro ya yi walima da shi.

Washegari muka yi kuskuren da duk ɗan wurin ba zai yi ba. Sawun manyan motoci ya yi kwana ya nufi wajen duwatsu, ga kuma wani fili a gabanmu, fari fat, a shimfiɗe kamar an yi masa daɓe. Maigidana ya ce wannan ai ya fi kwaltar Jidda kyau, me zai sa mu zagaya? Ni ma na goyi bayansa, don kwazazzabai sun gama girgiza mini hanji. Ashe gishiri ne ya bushe a sama, ƙasansa taɓo ne baƙi. Ba mu yi nisa ba ɓawon ya fashe, bayan motar, inda nauyin inji yake, ya nutse har rabin taya.

Ya taka mai, ta ƙara zama. Muka sauke jarkoki da akwati da duk abin da ke saukuwa. Ya yi haƙa da shebur, ni da murfin tukunya. Muka cusa tabarmi a ƙarƙashin taya, taya ta haɗiye su. Rana ta take, gishiri ya shiga tsagun hannuna yana cizo. Can ya jefar da shebur, ya zauna a inuwar mota, taɓo har gemu.

Ya ce da ni, da ƙarfi yadda za ta ji, "Wallahi in ta fita, gida za mu juya. Ruwa ya yi ƙasa, mota ba lafiya. Kuma ita kanta ba ta gani. Ko mun je, me za ta gane? Yashi ne ko'ina."

Inna ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗauki butarta da sandarta, ta juya har iskar teku ta bugi kuncinta na dama, ta kama tafiya kudu. Muka bi ta da kallo, muna zaton kama ruwa za ta yi. Sai muka ga tana ta ƙanƙancewa a cikin farin filin nan. Na ruga na cim mata ina haki.

"Inna, ina za ki?"

"Lit."

"Da ƙafa? Haba Inna!"

"Da me na zo ƙasar? Koma ki gaya wa wancan ya kai motarsa gida. Ni ban iya juyawa ba, ba a koya mini ba."

Na dawo na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, har na ƙara gishiri, tunda ga shi nan a wadace. Ya dube ni, ya dubi bayan uwarsa. Sai ya miƙe ya shiga motar da sukuddireba. Ina ji ina gani ya kwance ƙofofin kabad ɗin nan da yake taƙama da su a unguwa, ya ciro katakon gado. Ya ɗaga taya da jak, muka jera katakai a ƙarƙashi, ya rage iskar tayoyin. Ya ce in tura. Na sa kafaɗa ina salati, taɓo yana feso mini a fuska, motar ta yi gurnani ta hau katako. Ta ɗan gusa, muka kwaso katakan muka sake jerawa a gaba, muka sake, muka sake, har muka taka ƙasa mai tauri. Da muka iso inda Inna take, ya tsaya, na buɗe mata ƙofa. Ta hau ta zauna, ta ce, "Kun daɗe."

Kusa da Lit muka tarar da bukkokin masunta. Maigidana ya yi musu bayani da Larabci. Wani dattijo a cikinsu ya ce wuraren da ake sauke mutanenmu Takari a da suna da yawa, amma mai tudu da tsohuwar rijiyar ruwan zartsi guda ɗaya ne, ya nuna mana da hannu. Muka kwana a kusa da su, a ƙasa dukanmu tunda gado ya tafi. Da sassafe muka ƙarasa.

Da na ga wurin sai na fara fidda rai. Tudu ne na farin dutsen teku mai huda-huda, yashi ya lulluɓe shi, kuma ba kabari ɗaya ba ne. Ga alamunsu nan birjik, wasu da tsingaro, wasu da guntun itace da ya ruɓe, mutanenmu ne da suka zo daga nesa suka tsaya a nan. Maigidana ya yi musu sallama, ya yi addu'a, ya tsaya yana bin kaburburan da kallo. Na san abin da ke ransa, ni ma shi ne a raina.

Inna ta ajiye sanda, ta durƙusa. "Dutsen nan duk fari ne mai kaushi," ta ce da ni. "Nawa baƙi ne, na garinmu, mai santsi. Gefe guda ya ɓantare, daidai inda babban yatsa ke zama. Ki tona wajen kai, kada ki taka kowa."

Haka muka wuni. Tana rarrafe tana shafa ƙasa, ina tone yashi da hannu, shi yana bin mu da buta da laima. Na ciro wani dutse mai duhu na kai mata da murna, ta juya shi sau ɗaya ta ce in mayar wa mai shi. Gwiwoyinta suka goge har jini. Na roƙe ta ta huta, ta ce ta huta shekara da shekaru. Maigidana ya gaji da kallon, ya koma gefen tudu ya juya mana baya yana duban teku.

Rana ta karkata lokacin da na ga hannunta ya tsaya a cikin yashi. Ba ta ciro komai ba. Ta share gefe da gefe a hankali, kan wani baƙin dutse ya bayyana. Ta ɗora tafinta a kai, yatsunta suka zagaye shi, babban yatsan ya faɗa gurbinsa. Sai ta tura hannun gaba ta dawo da shi, kamar mai niƙa.

Sannan ta kira sunansa.

Bai juyo ba. Ba taurin kai ba ne. Mutumin nan ya haura arba'in bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba, kunnensa bai san hanyar ba. Ta sake kira. Ni da nake ta ƙorafin aike duk shekarun nan, na tashi da gudu na je na ja hannun rigarsa.

Na ce, "Malam, kai ake kira. Ka amsa."

Ya ce, "Na'am, Inna," kamar ƙaramin yaro. Ya zo ya durƙusa a gefenta. Ta lalubo hannunsa ta ɗora a kan dutsen, ta danne da nata.

"Ga ubanka," ta ce masa, shi da kansa. "Na kawo ka."

Na yi kuka har na ji kunyar masu kwance a wurin. Shi ma ya yi. Ita ko ɗigo, sai addu'a take yi ƙasa-ƙasa. Bayan sun shafa, ya ɗebo fararen duwatsu ya kewaye wurin, ya daɗe yana duban rijiya da tudu da duwatsun nesa, yana ajiye su a kansa. Dutsen kuwa ta ce a bar shi, aikinsa yake yi.

A hanyar dawowa bel ɗin aro ya tsinke, muka koma wa igiyar akwati. Yana kwance a bayan mota yana fama, Inna ta leƙo ta taga ta ce da ni, "Gaya wa wancan ya yi sauri, la'asar na wucewa." Na isar da saƙon, ban ƙara komai a kai ba. Kafin aikin Hajji ya zagayo idonta ya rufe gaba ɗaya, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunan ba. Sau ɗaya ta kira shi a duniya, kuma ni ce na ce masa ya amsa.