Guzurin Ɗan Tsako

Daminar da na yi wankan jego babu jariri, a gidanmu na Ɗantutture na yi ta, tun Katsina na cikin jihar Kaduna. Ɗan ya koma tun kafin suna, cibiyarsa ma ba ta faɗi ba. Mijina yana can Dutsin-Ma wurin aiki. Amma wanka ba ya faɗuwa don ɗa ya tafi, haka Inna ta ce. Ta gama fyaɗa mini ruwan zafi da ganye, ta ajiye mini kunun kanwa, ta bi mutane gona. Gidan ya rage daga ni sai kaji. Ban taɓa sanin kaɗaici irin wannan ba.

Wata safiya wake-waken kazarmu ta fito daga akurki da 'ya'yanta, tana ta fankama kamar ita ta fara haihuwa a duniya. Na leƙa, sai ga ɗaya da ta bari cikin ɓawo, jiƙe sharkaf, gwaiduwa na reto a cibiyarsa.

Abin da na iya shi na yi niyyar yi. Na ɗumama tsumma a bakin murhu zan gasa masa cibiya yadda ake yi wa jarirai. Allah ya sa Inna ta dawo ɗaukar fartanya.

"Ke ɗiyar nan, kak ki taɓa!" in ji ta. "Guzurinshi ne bai ida shanyewa ba. In ta fashe ya tafi. Ɗumi kawai yake so."

Na shimfiɗa auduga a ƙoƙo na kwantar da shi, na rufe da gefen zanena. Ban ba shi ko tsaki ba, sai ɗigon ruwa a bakin tsinke. Duk inda na zauna ƙoƙon na cinyata. Ina yi masa hira, har da tsiya: mummuna, mai wuyan ungulu. Tsoro nake ji in buɗe, kuma ba na iya rashin buɗewa.

A hankali gwaiduwar ta shige, wurin ya bushe. Ya miƙe yana tangaɗi, yana tsuwa da yunwa.

Inna ta ce in mayar wa uwarsa. Na so in ƙi. Na ajiye shi dai a tsakar gida, kazar ta kira sau ɗaya, ya ruga ya shige ƙarƙashin fiffikenta, ko waiwaye.

Na koma ɗaki da ƙoƙon. Sai da na zauna na ga gaban rigata ya jiƙe da nono.