Ruwan da ba mu ga hadarinsa ba

Shekarun da na yi ina malamin gona a Geza, aikina na farko kowace safiya shi ne duba ma'aunin ruwan sama. Gwangwani ne mai mazurari da aka kafa a bayan ofishinmu, muka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. In juye abin da ya taru cikin kwalbar awo, in rubuta, ƙarshen wata in aika Birnin Kebbi. Ban taɓa sanin wanda ke karantawa ba.

Akwai wani dattijo cikin ƙabilar Dandawa, manomin shinkafa, da ba ya wucewa fadama sai ya jingine kekensa ya tsaya.

"Malam, mi gwangwaninka yac ce?"

In faɗa masa. Sai ya tura yatsa cikin ƙasa, ya duba, ya ce, "Yau dai bai yi ƙarya ba."

Wata shekara, damina ta zo ƙarshe, shugabana ya kira ni daga Bagudo. Ya ce tauraron ɗan Adam ya nuna an tafka ruwa can saman kogin Kwara, masu awon kogi a ƙasar Benin kuma sun ce yana hauhawa. Ya turo mini hoton da tauraron ya ɗauka a waya, ya ce in gaya wa masu gonakin bakin kogi su yanke abin da za su iya.

Mu kuwa mun kwana biyu ba mu ga ko hadari ba. Na sami dattijon a gona, shinkafarsa ta fara ja amma ba ta gama nuna ba. Na miƙa masa wayar. Ya juya ta sama da ƙasa.

"Wanga abu, daga sama yaka ganin kogi?"

"Daga sama, Baba."

"Kai ka yarda da shi?"

Na ce ban taɓa gwada shi ba, amma ina jin tsoro. Ya miƙo mini wayar.

Washegari kasuwar Lolo ke ci. Ashe can ya tafi, ya nemi masu jiragen ruwa da suka gangaro daga Benin. Suka ce masa yashin da suke ɗaure jiragensu ya nutse. Da la'asar sai ga shi a ƙofar ofis da lauje biyu, ya ba ni ɗaya.

Kwana huɗu muna yanka. Da maƙwabta suka ga shi ya fara, da yawa suka bi. Mata na kwasar dammuna a ka zuwa tudu, suna yi wa kantar hannuna dariya da Dandanci. Da rana mu zauna gindin giginya mu sha fura a ƙwarya ɗaya. Ban ƙara yin aikin da ya gajiyar da ni haka ba, ban kuma yi wanda nake kewa kamarsa ba.

Ruwan kogin ya shigo da hantsi, a hankali, sama tana garau. Kafin azahar ya shanye gonakin da ba a taɓa ba, har da wani yanki na tasa da ba mu kai gare shi ba. Muka tsaya a tudu muna kallo.

Shinkafar da muka tsirar ta kakkarye a turmi, don ɗanya-ɗanya aka yanke ta. Ita gidansa suka ci har wata damina. Kowace Juma'a matarsa takan aiko mini da tuwonta da miyar kifi, har aka yi mini canjin wurin aiki. Ina Illo labarin rasuwar dattijon ya iske ni, bayan an yi kwana arba'in.