Goggo Tasalla Mai Ɗinke Littafi

Ƙyas! Har yau in na ji ƙarar almakashi sai in gan ni a tsakar gidan Goggo Tasalla a unguwar Mansur ta Makka, ranar Alhamis bayan la'asar, shayi yana tafasa da na'ana'a, mu huɗu mun zuba wa zare guda ido. Ku da kuka san ta kun san zaren da nake nufi. Duk sabon littafin Hausa da ya shigo hannunta, kafin kowa ya leƙa, sai ta ɗauko allura ta ɗinke shi ganye-ganye. Kowace Alhamis ta yanke ɗinki ɗaya. In na karanta na kai ƙarshen ganyen, ko a tsakiyar magana ne, an tashi ke nan.

"Goggo, ɓarawon fa ya ɗaga takobi!" in ji Inna Kande mai ƙosai, har da miƙewa.

"Ya riƙe shi haka sai wata Alhamis. Hannunsa ne zai gaji, ba nawa ba."

Tana da hujjarta. A shekarun nan littafi ba ya zuwa Makka sai a jakar alhazai, sau ɗaya a shekara, kuma siriri ne kamar mai jinya. In aka cinye shi a mako guda, me za a ci har wata Arfa?

Ni ce mai karatun. Goggo ta iya ajami, amma boko cewa take tururuwa ce aka zubar a takarda. Babana ya yi elementare a Kano kafin su biyo hanyar Sudan, shi ya koya mini. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, shi kuma direba ne tsakanin Jidda da Makka, sai ya kwana uku ban gan shi ba. A makarantar 'yan mata ina cin jarrabawa, amma in an tashi tara ni kaɗai nake zama, ina kallon tattabaru ina ƙaga musu hira. Mako guda cur muryata ba ta da wurin zuwa sai gidan Goggo. Alhamis kawai nake jira.

Dokarta ta biyu ta fi ta farko ban takaici. Marubuta uku kacal muke karantawa, kuma ba ma karɓar sabo sai nasu. Sunayensu na gaskiya ma ba ta kira. Akwai Mai Surutu, akwai Sarkin Kuka, akwai Ɗan Gajere, wanda ta rantse daga rubutunsa ta gane bai kai kafaɗarta ba. Wata shekara wani alhaji mutumin Zariya ya kawo mata kyautar littafi sabo fil, bango mai kyau, na wani marubuci daban. Ta juya shi, ta shinshina.

"Ɗan wane ne?"

"Hajiya, ai duk Nijeriya shi ake karantawa yanzu."

"Ban tambayi Nijeriya ba. Mun taɓa zama da shi?"

Ta ɗora littafin can saman akwati, ta ce ya zauna nan ya ga yadda gidan yake tukuna. Hajiya Delu, wadda ita ce ta huɗunmu kuma ita kaɗai ke iya ja da ita, ta ce, "To ke Tasalla, in ba a karanta baƙo, su ukun nan ta ina suka shigo?"

"Su ai tare muka zo," in ji Goggo. "A buhun maigidana Malam, Allah ya jiƙansa. Mun sha ƙishirwa tare a hanyar Fashir ta Sudan. Wannan a jirgi ya zo, ko ƙura bai sha ba."

Wayyo, ni kuwa littafin nan har mafarkinsa na yi! Shekara biyu yana kallona ina kallonsa.

Lokacin aikin Hajji kuwa, sai ta zama ɗan sanda. Tana cikin masu kai fura Arfa, kuma duk tantin da ta ji ana Hausa sai ta durƙusa a ƙofa. Wata shekara na raka ta ina riƙe da ludayi. Rana ta take, jama'a sun ɗaga hannu suna kuka, ita kuwa ta tsare wani dattijo da ya zo sayen fura.

"Alhaji, daga ina?"

"Daga Kano."

"Madalla. Mai Surutu ya fitar da sabo?"

Da na yi masa bayanin wanda take nufi, dattijon ya saki baki. "Haba baiwar Allah! A Arfa? Yau ranar addu'a ce!"

"Na yi tawa tun hantsi, Alhaji. Amsar nake bi tanti-tanti."

Kuma wallahi akwai shi a akwatinsa a masauki. Bayan an sauko daga Mina ya kawo da kansa, yana ta girgiza kai.

Wannan littafin ne ya jawo mana abin da Mansur ba ta manta ba. A littattafan Mai Surutu na baya akwai wata tsohuwa, uwar wani marini da ya tafi fatauci ya bar ta. Goggo ta ɗauke ta tamkar ƙawa, har takan ce, "Da ni ce ita, da na ce masa kaza." To muna cikin sabon, na zo wani layi na karanta: tsohuwar ta rasu da damina. Na wuce abina.

"Tsaya! Maimaita."

Na maimaita.

"Shi ke nan? Layi ɗaya? Matar da ta yi shekara huɗu a gidan nan? Bai ce wa ya yi mata wanka ba? Ɗan nata ya samu jana'iza?"

"Bai faɗa ba, Goggo."

"Kai, wannan mutum bai da tarbiyya!"

Ranar ko shayi ba a sha ba. Kwana uku bayan haka, sai ga Goggo ta shimfiɗa tabarmi har ƙofar gida, ta dafa gumba da shinkafa, ta ce sadakar uku ce. Kafin azahar labari ya zaga cewa an yi wa Goggo Tasalla rasuwa a gida Nijeriya. Mata suka cika gidan. Maƙwabciyarta Balarabiya ta shigo tana share hawaye, ta rungume ta tana yi mata gaisuwa da Larabci, Goggo tana amsawa da natsuwa. Hajiya Delu ta ja ta gefe.

"Tasalla, ki ji tsoron Allah! Matar nan fa ta takarda ce!"

"Na sani, ba hauka nake ba," in ji Goggo. "Amma uwata ta rasu ina Sudan, yayata ta rasu ina nan, sai bayan shekara na ji. Ba wadda na zauna wa makoki. Wannan dai na ji a kan lokaci. Zauna ki ci gumba."

Delu ta zauna. Ta fi kowa kuka ranar, kuma ta fi kowa cin gumba.

Daga baya zaman ya fara raguwa. Inna Kande ta bi jirgin alhazai ta koma Katsina. 'Ya'yan Hajiya Delu suka ɗauke ta zuwa Jidda. Na gayyato 'yan mata biyu sa'o'ina haihuwar nan, suka zauna rabin ganye suna raɗa da Larabci, ba su sake dawowa ba. Muka rage ni da Goggo. Kofi huɗu take jerawa duk da haka, ta ce hannunta ya saba.

Shekarar ce kuma ba a samu sabon littafi ba. Ta bi tantuna, ta bi masaukai, kowa ya ce bai ji ɗaya daga cikin ukun ya fitar da komai ba. Na tafi gidanta ran Alhamis, alhali na san dokarta: in ba sabo, ba zama. A hanya har na fara tunanin yadda Alhamis za ta koma kamar Talata. Na shiga na tarar da ita da almakashi a cinya, da tsohon littafin Sarkin Kuka, wanda muka karanta har bangonsa ya fita, an ɗinke shi tsaf.

"Goggo, ai wannan mun karanta."

"Ni na manta shi."

"Jiya-jiya kika ba ni labarin ƙarshensa!"

"Sa'adatu, ke ce tsohuwa ko ni? Na ce na manta. Abin da aka manta kuwa sabo ne. Yalla, karanta."

Na karanta. Duk inda ya kamata a yi mamaki sai ta dafe ƙirji ta ce, "Kai! Ashe?" Wani lokaci ma takan riga ni, ta yi mamakin tun ban kai wurin ba. Haka muka yi shekara biyu, mu biyu, muna sabunta tsofaffi. A ta ukun ta kwanta kwana biyar ta cika, aka kai ta maƙabartar Ma'ala, inda ta sha cewa tana so.

Duk mun ɗauka son kwanciya a ƙasar nan ne ya hana ta komawa gida. Sai bayan shekaru, ina goye da ɗana na biyu, wata hajiya mutuniyar Gwammaja ta Kano ta nemo ni a Mansur. Ta ce ita ce ɗan Goggo da ke can gida ya aiko, shekara biyu a jere, da kujerar jirgi da saƙon cewa ya gina mata ɗaki, jikoki suna jira. Shekarun nan ne da muka rage mu biyu. Ta ce Goggo ta yi kuka sosai, har ta sa aka fito da akwati, sannan ta sa aka mayar. Goggo ta ce mata, "Ki ce masa ya yi haƙuri. Akwai wata yarinya a nan da take karatu. In na tafi, wa zai saurare ta?"

Allah ya jiƙan Goggo Tasalla. Ya haɗa ta da uwarta da yayarta, kada ya bar ta ita kaɗai ko na yini guda.